Gani Ya Kori Ji: Shin Tsadar Hedifon Ce Ke Kawo Daɗin Sauti?

A hutun ƙaramar sallah na je Dandin Mahe, cikin ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato, sai ɗan ƙanwata ya same ni da wayarsa a hannu. Yaro ne mai son sauraro. Da asuba karatun Alƙur'ani, a gona waƙoƙin Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, da dare kuma na matasan zamani. Ya nuna mini bidiyon wani Bature da ke zaune gaban wani akwati mai fitilu, ya kifa hedifon a kai, ya lumshe ido yana girgiza. Ya ce, "Kawu, wai in ba ka da amfilifaya ba ka taɓa jin waƙa ba. Na tara kuɗin albasata, in aika a sawo min?"

Ban ba shi amsa nan take ba. Na ce mu fara zuwa rumfar mai sayar da kayan waya. Mai rumfar ya ciro iyafis guda biyu, ya jona ta farko a wayar yaron, ya cire, ya jona ta biyu ba tare da ya taɓa maɓallin ƙara ba. Ta biyun ta fi ƙara nesa ba kusa ba. Ya ce, "Alhaji, wagga ita ka bugu." Yaro ya gyaɗa kai, har ya fara laluben aljihu.

Abin da ya faru a wannan rumfa shi ne abin da ke faruwa a manyan shagunan Turai inda ake sayar da hedifon na miliyoyi, illa dai can an fi iya ado. Wannan rubutu sharhi ne a kan da'awar masu waɗannan kaya da masu tallata su a intanet: cewa tsada da amfilifaya su ne mabuɗin daɗin sauti. Akwai gaskiya a cikin maganar, amma ba ta kai yadda ake kururuta ta ba.

Mai ƙara shi ke cin gasa

Sauti kaɗawar iska ne. Ana auna yawan kaɗawar a daƙiƙa guda da ma'aunin hertz, ana kuma auna ƙarfinta da desibel. Kunnen matashi mai lafiya yana jin daga hertz 20 zuwa wajen 20,000. Ƙasa-ƙasa nan ne sauti mai kauri yake, irin rugugin babbar ganga, wanda matasa ke kira bes. Sama-sama kuma nan ne siririn sauti yake, irin na kacau-kacau da ƙarar harafin "s".

A shekarar 1933 wasu masu bincike biyu a cibiyar Bell ta Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka nuna cewa kunne ba ya yi wa waɗannan sautuka adalci. Idan ƙara ta yi ƙasa, bes ne ke fara ɓacewa daga jinmu. Idan aka ɗaga ta, sai ya dawo, waƙa ta cika, ta yi armashi. Ma'ana, in ka saurari waƙa ɗaya sau biyu, na biyun ya ɗan fi ƙara, ƙwaƙwalwarka ba za ta ce "wannan ya fi ƙara" ba, cewa za ta yi "wannan ya fi kyau."

Su kuwa iyafis ba ɗaya suke ba wajen juya lantarki zuwa ƙara. Wata da ɗan abu kaɗan take kururuwa, wata sai an matsa mata. Don haka gwajin mai rumfa bai auna inganci ba, ƙara kawai ya auna. Duk gwajin da ba a daidaita ƙarar kayan biyu ba, to an riga an yanke hukunci kafin a fara shari'a. Ka riƙe wannan, domin zai dawo idan mun zo kan amfilifaya.

Me ke cikin hedifon?

Kusan duk abin da ke kasuwanninmu, daga iyafis ta ɗari biyar har Oraimo da JBL, tsari ɗaya ne: maganaɗisu, da naɗin siririyar wayar jan ƙarfe, da tantani mai kama da fatar kalangu. Lantarki ya ratsa naɗin, naɗin ya motsa, tantanin ya tura iska. Kamfanin Beyerdynamic na Jamus ya fito da irin wannan tun 1937.

Masu tsada sukan bi wasu hanyoyi biyu. Ta farko, a shimfiɗa wayar a jikin tantanin gaba ɗaya tsakanin jerin maganaɗisu, domin ya motsa bai ɗaya ba tare da lanƙwasa ba. Ta biyu, a bar maganaɗisu kwata-kwata, a rataye tantani marar nauyi tsakanin faranti biyu masu huji-huji, a caje shi da lantarki mai ƙarfi, farantan su riƙa ja da tura shi. Kamfanin Stax na Japan ne ya fara sayar da irin wannan a 1960, kuma nasa na yanzu suna buƙatar cajin bolt 580. Ba za ka iya jona su a waya ba, dole sai da amfilifayarsu ta musamman.

Sarkin wannan zuriya shi ne Sennheiser HE 1, wanda aka ƙaddamar a 2015 a kan kusan yuro 50,000, wato kuɗin gina gida sukutum. Kaurin tantaninsa maikiromita 2.4 ne, alhali gashin kan mutum yakan kai wajen 70. An gina amfilifayarsa a cikin dutsen marmara na Carrara ta ƙasar Italiya, da kwalaben lantarki guda 8 masu tasowa a hankali idan aka kunna. Kamfanin ya ce yana fitar da sauti daga hertz 8 zuwa sama da 100,000.

A ba kowa haƙƙinsa: wannan aikin injiniya ne na gaske. Tantani marar nauyi yana tashi da sauri, yana tsayawa da sauri, kuma ba ya ƙara wa waƙa gurɓatar da babu ita a asali. Amma mai karatu ya tambayi kansa, hertz 100,000 na wane ne? Jemage ne ke ji a can. Mutumin da ya wuce shekara 40 da wuya ya ji sama da 15,000 ko 16,000. Marmara kuma ido take burgewa.

Siffar sauti ta fi komai

To me ke sa wani hedifon ya fi wani daɗi? Mafi girman dalili shi ne rabon da yake yi wa sautuka: nawa ya ba bes, nawa ya ba tsakiya inda muryar mutum take, nawa ya ba sama.

Za a zaci mafi kyau shi ne wanda ya raba daidai wa daida. Ba haka ba ne. Ramin kunnenmu bututu ne mai tsawon kusan santimita 2.5, kuma shi da faifan kunne suna ƙara wa sautukan da ke wajen hertz 3,000 ƙarfi da sama da desibel 10. Da wannan ƙarin muka saba jin duniya tun haihuwa. Hedifon ya rufe faifan, iyafis ta toshe ramin, don haka dole mai ƙira ya mayar da wannan ƙari da kansa. In ya gaza, murya ta yi kamar daga cikin randa take fitowa. In ya zarce, ta riƙa sukar kunne.

Tun wajen 2012 Sean Olive da Todd Welti da abokan aikinsu a kamfanin Harman na Amurka suke binciken wane rabo mutane suka fi so. Dabararsu ita ce su ɗauki hedifon guda ɗaya, su yi amfani da kwamfuta su sa ya kwaikwayi rabon wasu hedifon daban-daban. Mai sauraro bai ga suna ba, bai ga farashi ba, bai ji bambancin nauyi a kansa ba. Sun gano cewa da rabon sauti kaɗai ana iya hasashen wanda mutane za su zaɓa, kuma dangantakar farashi da zaɓin 'yar kaɗan ce ƙwarai. A 2017 kuma wani mai bincike, Jeroen Breebaart, ya wallafa nazarin ma'aunin hedifon 283 a mujallar ƙungiyar masana sauti ta Amurka, bai sami wata alaƙa tsakanin rabon sautinsu da farashinsu ba.

Wannan ba ya nufin iyafis ta ɗari biyar daidai take da Stax. Abin da yake nufi shi ne farashi ba alƙali ba ne. Akwai mai tsada mai mummunan rabo, akwai mai sauƙin kuɗi da aka daidaita da kyau. Kuɗinka na iya saya maka ƙarko, da laushin matashin kunne, da waya mai cirewa, da kayan gyara. Waɗannan abubuwa ne masu amfani, sai dai a kira su da sunansu.

Akwai kuma abin da kwali ba ya faɗa: toshewa. Bes a iyafis ya dogara ne ga yadda robar ta rufe ramin kunne. In iska na zurarewa, bes ya tafi. Shi ya sa ake sako roba kala uku a kwali, ƙarama da matsakaiciya da babba, waɗanda yawancinmu muke zubarwa. Haka matashin babban hedifon: idan zafin Sakkwato da gumi suka farfasa ledarsa, soson ya kwanta, sautin ma ya sauya. Sauya roba kawai na iya gyara sauti fiye da amfilifaya.

Amfilifaya: wa ke buƙatarta?

Da farko a sani, duk waya tana da amfilifaya a cikinta, haka duk iyafis mai Bluetooth. Don haka maganar "ba ka da amfilifaya" kuskure ce tun daga tushe. Tambayar ita ce: wadda kake da ita ta isa?

Kowane hedifon yana da turjiyar da yake yi wa lantarki, ana auna ta da om. Yawancin iyafis suna tsakanin om 16 da 32. Sennheiser HD 600 kuwa, wanda masu haɗa sauti ke ji da shi tun 1997, om 300 ne. Lissafin mai sauƙi ne. A ce na'ura tana bayar da bolt 1. A kan om 32 za ta tura miliwat 31. A kan om 300, miliwat 3 da ɗoriya kawai. Kusan kashi ɗaya bisa goma kenan. A nan amfilifaya ta waje tana da aiki na zahiri: tana ba hedifon isasshen ƙarfi, ta yadda idan ganga ta buga da ƙarfi sautin ba zai tsage ba.

Tana da wani amfani kuma. Wasu wayoyi da kwamfutoci suna da tsaki mai "sss" a bayan waƙa, wasu kuma mafitarsu tana da turjiya mai yawa wadda ke karkata rabon sautin hedifon. Amfilifaya mai tsabta tana magance waɗannan, kuma a yau ana samun ta a ɗan guntun igiya da ake jonawa a ramin caji, ba sai akwati mai fitilu ba.

Bayan nan fa? Idan amfilifaya biyu duka suna da tsabta, duka suna da isasshen ƙarfi, aka daidaita ƙararsu, aka rufe su da zane, bambance su ya zama abu mai wuyar gaske. Wanda ya jona iyafis ta om 16 a babbar amfilifaya ya ce waƙa ta buɗe, akasari ƙara ya samu. Mun koma rumfar Dandin Mahe kenan. Amfilifaya mai kwalabe kuwa tana iya sauya sauti da gaske, ta ƙara masa wani ɗumi. Wannan ɗanɗano ne, kamar yaji a miya, kuma babu laifi mutum ya so shi. Laifin shi ne a sayar da yaji da sunan tsabta.

Inda gani ke korar ji

Hausawa na cewa gani ya kori ji, suna nufin shaidar ido ta fi labari. A fagen sauti karin maganar ta zama gaskiya ta wata fuska. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive suka sa ma'aikatan Harman su ba wasu lasifikoki maki sau biyu, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya a bayan labule. Da ido a buɗe, manya masu sheƙi suka yi fintinkau. A bayan labule tazarar ta ragu, ƙaramar mai araha ta ɗaga. Ƙwararru ma ba su tsira ba. Ba ƙarya suka yi ba, abin da suka ji kenan, domin ƙwaƙwalwa tana haɗa abin da ido ya gani da abin da kunne ya kawo.

Haka batun tambarin Hi-Res da ake mannawa a kwali. Ƙungiyar masu kayan sauti ta Japan ce ke ba da shi, kuma sharaɗinsa ga hedifon shi ne ya kai hertz 40,000, ninki biyu na iyakar jin ɗan Adam. Tambarin bai ce komai ba game da rabon sautukan da muke iya ji. A 2007 Brad Meyer da David Moran suka gwada ko mutane za su bambance faifai mai wannan babban ma'auni da ma'aunin faifan CD. Cikin gwaji 554 an dace sau 276, wato daidai da canki-canki. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary ta Landan ya tattara bincike 18, ya sami dacewa ta kusan kashi 52 cikin 100. Bambancin yana nan, amma ɗan mitsitsi ne, kuma horarrun kunnuwa ne suka fi kama shi.

Ruwan da ya gurɓata tun daga rijiya

Duk wannan muhawara ta masu faifai masu tsabta ce. Mu duba abin da ke cikin wayar ɗan ƙanwata. An tura masa waƙoƙin ne a shagon masu turi, wasu ta Xender daga wayar aboki, wasu an ciro su daga bidiyon da ya sha yawo a WhatsApp. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa. MP3 na gama-gari 128 ne, kusan kashi ɗaya bisa goma sha ɗaya. Matsa ɗaya mai kyau ba ta cika damun kunne ba. Matsalar ita ce duk lokacin da aka sake juya fayil aka sake matse shi, ana ƙara zubar da wani abu, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa.

Su kuwa waƙoƙin Narambaɗa da Salihu Jankiɗi, tun asali da kayan zamaninsu aka ɗauke su, sannan suka bi ta kaset zuwa kaset kafin su iso katin waya. Ka ɗora musu HE 1, abin da zai fito maka fili shi ne tsakin kaset ɗin. Kofin zinare ba ya tace ruwa.

Sai wurin sauraro. Manyan hedifon masu tsada yawanci bayansu a buɗe yake, tsarin da Sennheiser ya fara da HD 414 a 1968. Suna ba da jin faɗi kamar mawaƙin yana cikin ɗaki, amma ba sa tare hayaniya ko kaɗan. An yi su ne don ɗaki shiru. Kusa da injin niƙa, ko janareta, ko injin ban-ruwa a fadama, iyafis mai toshe kunne da kyau ta fi su. Masu faranti kuma ba sa jituwa da ƙura, ga su da buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa. Wanda ya san hunturun Sakkwato ya san sauran zancen.

Binciken ma yana da iyaka

Kada mu fita daga bautar farashi mu faɗa bautar zanen Harman. Kamfani ne mai sayar da hedifon, shi ke da AKG da JBL, kuma Samsung ya saye shi a 2017. Su da kansu sun nuna a 2019 cewa kashi 64 cikin 100 ne ke son rabon nasu yadda yake, kashi 15 na son ƙarin bes, kashi 21 na son a rage. Babban gwajinsu na 2015 mai mutum 249 an yi shi ne da masu sauraro a Amurka da Kanada da Jamus da Sin.

Mu kuma waƙarmu magana ce. Wanda ya kunna Ɗanƙwairo yana bin kalma ne, da habaici, da amsar 'yan amshi, kotso na rakiya. Hausa harshe ne mai karin sauti: hawa da saukar murya ne ke raba kukan yaro da bishiyar kuka, kuma wannan yana gudana ne wajen hertz 100 zuwa 250. Bambancin "kafa" da "ƙafa", ko "sara" da "tsara", yana cikin gajerun sautuka ne da yawancinsu ke can sama. Sanannen abu ne a ilimin ji cewa sauti mai kauri in ya yi ƙarfi yana danne na samansa. Don haka iyafis da aka cika wa bes don "bugu" tana iya lulluɓe muryar mawaƙi ko mai tafsiri. Wane rabo ne ya fi dacewa da kunnen Bahaushe mai sauraron kotso da kalangu da ƙira'a? Wannan tambaya ce da ɗalibin kimiyyar lissafi da lantarki ko na nazarin harshe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai iya gwadawa da hedifon ɗaya da kwamfuta ɗaya da masu sa kai.

Abin da ba a sayarwa a kasuwa

Akwai hasarar da ta fi ta kuɗin albasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da matasa biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙara mai yawa. Ma'auninta ga baligi shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako. A desibel 90, awa 4 kacal. Ƙananan ƙwayoyin gashi da ke cikin kunne, masu juya kaɗawa zuwa saƙon jijiya, in sun mutu ba sa sake tsirowa. Wanda ke ɗaga ƙara don ya rinjayi ƙarar babur, ko ya ƙara amfilifaya a kan iyafis da ba ta buƙata, yana cinye jarinsa ne. In ka cire iyafis ka ji kunnenka na ƙugi, ko maganar mutane ta dushe, gargaɗi ne.

Mun koma rumfar da yamma. Na roƙi mai rumfa ya bar mu mu sake gwaji, ya yarda yana dariya. Yaron ya juya baya ya rufe ido. Na riƙa jona masa ɗaya bayan ɗaya, ina rage ƙarar mai kururuwar har suka yi kusan daidai, da karatun da ya haddace da waƙar da ya sani ciki da bai. Sau uku ya zaɓi wadda ya ƙi da safe, ya ce a cikinta ne yake jin abin da 'yan amshi ke faɗa. Muka sauya mata roba zuwa babba, bes ɗin da yake nema ya fito. Sauran kuɗin ya ce na irin albasa ne.